Hannun da Datti Ya Ɓoye a Aljihu

Akwai wani saurayi a Unguwar Dosa, sunansa Fahad. Ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ke isa ofis ƙarfe takwas daidai, su sa hannu a rajista, su goge tebur, sannan su zauna jiran fayil ɗin da ba zai iso ba sai Alhamis.

In ka gan shi a ofis, sai ka rantse ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ga gaisuwa, ga sunkuyar da kai.

Amma a cikin wayarsa akwai wani shafi mai suna Barkono, mabiyansa sun haura dubu tamanin. Aikin Fahad a shafin shi ne ya ɗauki hoton mutum, ya ja masa hanci ko ya ƙara masa kunne, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa, ya saki. An ce akwai wata hajiya a Malali da ta yi dariyar hotonsa har haƙorin Makkanta ya faɗa cikin miya. Ba wanda ya ga miyar, amma haka aka faɗa.

Mutum biyu kawai suka san shi ne mai Barkono: Sharhabil, wanda suke ofis ɗaya, da Nafisat, wadda yake so ya aura.

Nafisat malamar firamare ce. Mahaifinta ya rasu tun tana aji uku, ƙaninsa da ke zaune a Katabu ne ya tsaya mata, kuma shi ne waliyyinta. Da Fahad ya fara maganar aure, mahaifiyarta, Hajiya Hansai, ta ce masa, "Ni ba ni da ta cewa, ɗana. Abin da Baffanta ya yanke, shi ke nan."

Baffa kuwa ya aiko cewa kafin manya su zo, a turo masa yaron ranar Asabar ya gan shi da idonsa.

Kun dai san tarbiyyar gidajenmu. Nafisat ba ta taɓa kama sunan mutumin nan ba. Baffa ya ce, Baffa ya hana, Baffa ba ya son gishiri. Sau ɗaya Fahad ya ji Hajiya Hansai ta ce "Alhaji Muhammadu." Alhaji Muhammadu kuwa a Kaduna sun fi keke napep yawa.

Ranar Litinin ta wannan makon sai ga wata fosta ta fito.

Akwai wani shirin barkwanci da ake kira Zauren Irmiya. Ana ɗaukarsa a gaban 'yan kallo a wani babban ɗakin taro, sannan a sa a intanet. Mai shirin, Irmiya, ɗan Unguwar Shanu ne, kuma ko gaisuwa ya yi maka sai ka dara. A fostar an rubuta cewa babban baƙo na gaba shi ne Datti.

Yaran yanzu ba su san Datti ba sai ta fuska ɗaya. A da, in wasan kwaikwayonsa ya zo a talabijin, har mai shayi sai ya bar ruwa ya ƙone. Datti sunan da yake fitowa da shi ne a wasan, ya bi shi har aka manta na yanka.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a wata liyafar biki, wani matashin mai gabatarwa ya kwaikwayi tafiyarsa, jama'a suka fashe da dariya. Datti ya miƙe, ya hau dandamali, ya sharara wa yaron mari. Waɗanda suka halarta sun ce an ji ƙarar har gadar Kawo. Wani ya ɗauka a waya, bidiyon ya zaga duniya, aka daina gayyatar Datti ko'ina. Daga nan ya zama Datti Mai Mari.

Wannan matashin da aka mara, shi ne Irmiya.

Kafin azahar intanet ta kama da wuta. Wasu na cewa Irmiya ba shi da zuciya, wasu na cewa neman suna yake. Masu hotunan tsokana suka fito aiki. Wani ya ɗora wa Irmiya hular kwano. Wani ya rubuta cewa duk wanda ya zauna a layin gaba za a ba shi ƙanƙarar dannawa a kunci kyauta.

Fahad ya daɗe yana kallon fostar yana neman inda zai cusa nasa. Can sai ya lura: hannun Datti na dama yana cikin aljihun rigarsa.

Ya zagaye aljihun da jan layi, ya rubuta: "Jama'a a yi hattara, makamin yana nan a kube."

Sharhabil ya leƙo, ya yi dariya har ya buge goshi da kabad. "Mutumina, wallahi Allah ya shirye ka! Saki kawai."

Ya saki. Washegari ya ƙara wani, ya kumbura aljihun ya yi kamar buhun masara. Kafin Laraba hoton ya shiga ko'ina, mutane suka fara matsa wa Irmiya lamba ya janye gayyatar.

Abu ɗaya ne ya rage wa Fahad daɗi. Nafisat, wadda kullum ita ke fara turo masa fuskar dariya, ta yi shiru. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tura saƙo, ta ce tana duba jarrabawar yara.

Ranar Alhamis da la'asar, daga ofis ya wuce gidansu. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ko tabarma ba ta kawo ba.

"Sannu da zuwa, Malam Fahad."

Tun da suke, Yaya Fahad take ce masa. Malam na baƙi ne.

"Nafisa, lafiya? Me na yi?"

Ta buɗe wayarta ta miƙa masa. Hoton ranar da ta gama makaranta ne, tana sanye da rigar yaye. A gefenta wani dattijo yana murmushi, hannunsa na hagu a kafaɗarta, na dama a cikin aljihu.

Fahad ya kalli hoton, ya kalle ta, ya sake kallon hoton.

"Wannan ai... wannan ai Datti ne."

"Wannan Baffa ne," in ji ta. "A gidanmu ba a kiran wancan sunan, shi da kansa ya hana. Na so in gaya maka tuntuni, kunya ta hana ni. Na ce bari ka fara ganinsa, ka san shi a yadda muka san shi."

Fahad ya jingina da bango.

"Ya gani?"

"Jikokinsa sun nuna masa. Bai san kai ba ne." Ta karɓe wayarta. "Ni ba zan gaya masa ba. Amma ba zan iya zama ina kallonka kana durƙusa masa kana ce masa Baba, alhali na san abin da na sani ba. Ko ka gaya masa da bakinka jibi, ko a bar maganar."

Ta juya ta shige gida.

Ranar Juma'a Fahad ya goge hotunan daga shafinsa. Bai kai ga ajiye wayar ba, gwaggonsa ta turo masa guda a zauren danginsu na Wasaf, ta rubuta: "Ku ga abin dariya."

Sharhabil ya jawo kujera. "Kai fa ba ka da wayo. Rufe shafin gaba ɗaya. Ka je Katabu ka yi ladabi, ka lallashi yarinya. Mata fushinsu kwana uku ne. Wa zai tona?"

"Ita ta sani."

"To ka gaya wa mutumin da ya mari mutum a gaban jama'a cewa kai ne ka zage shi? Ka tafi da hular kwano dai."

Fahad bai yi dariya ba.

Asabar da safe ya sa farar shadda, ya hau mota a Kawo. Daga Kawo zuwa Katabu ba nisa, amma sau uku yana buɗe baki zai ce wa direba "akwai sauka."

Ya tarar da dattijon zaune a kan darduma a ƙarƙashin wani mangwaro, kaji na kiwo a gefensa. Ya rame fiye da yadda yake a fosta. Fahad ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

Dattijon ya miƙo hagu.

"Ka yi haƙuri da hagu, ɗana, ba raini ba ne. Na daman ya yi ritaya shekara huɗu ke nan, ko sallama bai yi mini ba. Hawan jini ne ya kwantar da ni, da na tashi sai shi ya ƙi tashi."

Fahad ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Duk jawabin da ya shirya a mota ya gudu.

"Baba, kafin ka tambaye ni komai, akwai abin da zan faɗa. Hoton nan da ake yawo da shi... na aljihu. Ni na yi shi. Ni ne mai shafin Barkono."



Dattijon ya dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa. Sannan ya ce, "Matso. Buɗe mini su in gani da kyau. Jikokina suna nuna mini suna fizgewa."

Fahad ya matsa, ya buɗe. Na farko da ya fito shi ne na Irmiya da hular kwano. Dattijon ya tuntsire da dariya har da tari.

"Kai, wannan ya iya! Naka ne?"

"A'a, Baba."

"Ashe mai kyan ma ba naka ba ne. Wuce."

Da aka zo kan na aljihun, dariyar ta tsaya. Dattijon ya sa hannun hagu cikin aljihun dama, ya ciro ɗaya hannun a hankali, kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗora a kan gwiwarsa. Hannun ya tsotse, yatsun sun lanƙwashe ciki, yana ƙamshin man zafi.

"Ga makamin," in ji shi. "Duk Lahadi Nafisa ke zuwa ta shafa masa mai, tana ja masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce ba zai dawo ba. Ita ta ce likita ba Allah ba ne."

Fahad ya kifa kai a ƙasa. "Baba, ka yafe mini."

"Tsaya tukuna, kada ka yi gaggawar mai da ni waliyyin Allah. Marin nan na yi shi. Ba sharri aka yi mini ba, girman kai ne. Yaro ya yi abin da ni na koya wa duniya, na kasa ɗauka. Shekara biyu ina cewa ni ke da gaskiya. A ta uku na ɗauki ƙafa na tafi Unguwar Shanu."

Ya ɗan murmusa.

"Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, ta fito da muciya a hannu. Ta bar ni tsaye a rana har sai da hulata ta jiƙe. Sannan ta kawo kujera, ta kawo kunu, ta kira ɗanta. Irmiya ya ce ya yafe. Da na kwanta asibiti, cikin duk waɗanda na sa dariya a ƙasar nan, shi ne ya zo ya zauna a bakin gadona."

"To Baba, me ya sa ba a faɗa wa mutane ba?"

"Shi ne abin da ke damuna. A gaban jama'a na mare shi, a ɗaki na roƙe shi. Bai yi daidai ba. Ba Irmiya ne ya neme ni ba, ni na ce ya sa ni a shirinsa. Ina so in gaisa da shi a gaban mutane da hannun da na mare shi. Kwana da kwanaki ina gwadawa ko zai ɗagu. Ya ƙi."

Ya dubi Fahad ta gefen ido, irin kallon da ya sa shi suna a talabijin.

"Maganar Nafisa, yau ba ka da amsa. Kai ne ka nuna wa duniya aljihun nan, kai za ka fito mata da abin da ke ciki. Asabar mai zuwa ka zo ka ɗaga mini hannu."

Asabar da la'asar ɗakin taro ya cika har bakin ƙofa. Rabin mutanen sun zo ne su ga ko za a maimaita. Samari kusan ashirin sun aro hular kwano wajen 'yan acaɓa, suka jeru a layin gaba. Nafisat da Hajiya Hansai suna can baya, kusa da Mama Rifkatu.

Irmiya ya fito, shi ma da hular kwano a kai. Ɗaki ya ɗauki ihu. Ya cire ta ya ajiye, ya ce, "Ku taya ni maraba da Babana."

Datti ya fito a hankali, Fahad na biye da shi. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihun "Mai Mari!"

Datti ya dubi layin gaba ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa hukuma na fama da ku ku sa hular nan kun ƙi. Ni daga fitowa a fosta kun sa."

Ko waɗanda suka zo da fushi sai da suka dara.

Irmiya ya nuna Fahad. "Baba, wannan mai shaddar fa? Mai gadinka ne ko nawa?"

Ya miƙa wa Fahad makirufo. Ba wanda ya ce masa ya faɗi komai. Da ya ce "ni ɗansa ne," da an wuce wurin. Ya hango Nafisat can baya, ta sa mayafi ta rufe baki. Ya tuna maganar Baffa ta mari a gaban jama'a da roƙo a ɗaki.

"Sunana Fahad. Ni ne mai shafin Barkono. Ni na zagaye aljihun nan da jan layi, ban san abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. A gabanku na yi, a gabanku nake neman gafararsa."

Aka fara gunaguni, wayoyi suka ɗaga sama. Fahad ya mayar da makirufo, ya durƙusa, ya sa hannu biyu cikin aljihun dattijon, ya fito da hannun, ya tallafe shi ya ɗaga.

Ɗaya daga cikin samarin layin gaba ya cire hularsa ya ɗora a cinya. Sauran suka bi shi.

"Irmiya, ɗana," in ji Datti, "da wannan na zalunce ka. Ga shi na kawo maka, ko da yake sai da aka ɗauko mini shi. Ka yafe mini, jama'a su shaida."

Irmiya bai gaisa da shi ba. Ya sunkuya, ya karɓi hannun daga wurin Fahad, ya ɗora shi a kuncinsa na hagu, daidai inda marin ya sauka, ya riƙe shi a wurin.

"Baba, ashe hannun nan da taushi," ya ce, hawaye na bin yatsun. "Wancan karon ba ka bari na ji da kyau ba."

Mutane suka rasa ko dariya za su yi ko kuka, sai suka haɗa duka biyun. Mama Rifkatu da Hajiya Hansai suka raba gefen mayafi ɗaya suna share ido.

Fahad kuwa, a durƙushe, ya wage baki yana kuka irin na yaron da aka yaye jiya. Kuma, kamar yadda kuka zata, wani ɗan albarka ya ɗauki hoton.

Kafin magariba fuskarsa ta zaga Kaduna. "Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar guga." "Idan oga ya ce a zo aiki ranar Asabar." Sharhabil da kansa ya yi guda uku. Gwaggonsa ta turo masa ɗaya a zauren dangi, ta rubuta: "Wannan ya yi kama da kai."

A bakin mota, bayan an tashi, Datti ya kira shi.

"Kukan nan naka ba shi da fasali ko kaɗan. Amma ka ce wa manyanka su zo ranar Lahadi."

Nafisat na tsaye a bayan Baffanta, ta sunkuyar da kai. Da za ta shiga mota, ta ce a hankali, "Sai da safe, Yaya Fahad."

Ranar ɗaurin aure, Alhaji Muhammadu ya zauna a sahun gaba, hannunsa na dama a fili a kan gwiwa. Da liman ya tambaye shi, ya ce, "Na ba shi." Irmiya na tsaye a waje cikin 'yan rakiyar ango, ya sha babbar riga.

Shafin Barkono yana nan, sai dai yanzu mai shi ya fi tsokanar kansa. Duk ranar Juma'a kuma, in surukai na tura wa juna addu'o'i, shi Baffa hoton kukan nan yake tura wa Fahad, ba ya ƙara ko kalma.

Aljihun dama kuwa, tun daga ranar hannu bai sake shiga ba. Alewar jikoki ake zubawa a ciki.

Darasi: Kafin ka zagaye aibin mutum da jan layi, ka tuna hoto kawai ka gani, ba ka ga abin da yake ɗauke da shi ba. In kuma ka riga ka ɓata wa wani a bainar jama'a, kada ka lallaɓa ka roƙe shi a ɓoye, ka koma inda ka ɓata ka gyara a can. Yatsan da kuke tura hotunan tsokana da shi bai gaji ba, ku tura wannan ma ga 'yan uwa da abokai.